Ɓerayena Goma Sha Takwas a Gidan Inna Kulu

Tun da na dawo daga Kebbe ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, har abokaina na Kano da ba sa kirana sai da dalili yanzu sun iya buga waya: “Sadisu, wai da gaske ne ka kai ɓeraye hutu garin mutane?” Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba, har na ji an ce ɓerayen ɗari ne kuma a tirela na kai su. To ga shi nan a rubuce yadda ya faru, mai dariya ya yi ta dariyarsa.

Ni Bakano ne, digiri na biyu ya kai ni Sakkwato, kuma aikin da zan kammala da shi a kan hanta ne. Ina da fararen ɓeraye goma sha takwas, duk maza, irin waɗanda ake kiwo musamman don gwaji. Na raba su gida uku, shida-shida, kowane gida da kejinsa da launin da na shafa masa a wutsiya. Masu jar wutsiya abinci mai maiƙo sosai suke ci. Masu shuɗiya su ma shi suke ci, amma ana ƙara musu da allurar homon, wato sinadarin nan da jikin namiji ke yi da kansa. Masu koriya kuwa busasshen abincin ɓeraye kawai, wasu ’yan dunƙule-dunƙule kamar kashin akuya. Bayan mako takwas sai a yanka su duka, a ɗebi jini, a ciro hanta, a ga ko allurar ta hana kitse yi mata ɓarna. Korayen nan su ne ma’auni, da lafiyayyar hantarsu ake gwada ta sauran.

Ina shekara ta uku a karatun da ake gamawa cikin biyu, kuma an riga an ba ni takarda cewa wannan zangon shi ne na ƙarshe. Mahaifina ma tuni ya ba da ɗinkin babbar rigar da zai sa ranar bikin yaye mu.

A mako na biyar aka yi wani ruwa da iska, ta kwashe rufin ɗakin dabbobinmu ta ajiye shi a filin ƙwallo. Aka ce gyara sai kwana goma, kowa ya san inda zai kai nasa. Mai gidan da nake haya ya ce da in shigo masa da ɓera gara in shigo masa da kura. Na buga wa Dakta Rabi, mai duba aikina, ta ce, “Ka kai su ko ina ne, amma kada ƙwayar abinci ɗaya ta canja.”

Ina zaune na yi tagumi sai ga Malam Cika, dattijon da ke kula da ɗakin dabbobin. Ya ce, “Malam Sadisu, mu tahi Kebbe. Gidan tsohuwata akwai ɗaki, babu kowa ciki, ga sanyi. Abu guda dai, Inna ba ta iya ganin mai rai da yunwa.” Ni da na yi wata uku ina rayuwa a kan garin kwaki, sai na ɗauki wannan magana a matsayin albishir.

Washegari muka isa tasha da keji uku lulluɓe da zani, da buhu biyu na abinci, da sikeli, da ’yar kula mai ƙanƙara wadda allurar ke ciki. Direba ya ɗaga zanin don ya ga kaya, ya yi tsalle baya. “Kusu? A motata?” Kusu shi ne ɓera a can. Sai da Malam Cika ya rantse masa cewa waɗannan ba su taɓa cin ko kujerar kowa ba, ni kuma na ɗauki kujerar baya gaba ɗaya, sannan ya yarda. Farin ɓera ba ya jure zafi, don haka tun daga fitarmu gari na ɗauki mafici ina yi musu fifita. Wani tsoho da ke gabana ya daɗe yana waiwaye, can ya kasa daurewa. Ya ce, “Shekarata saba’in ina kashin kusu cikin rumbu. Ashe ina da rabon in ga mai digiri yana yi mai hidima.” Motar ta kwashe da dariya, ni kuwa na ci gaba da fifita, don ba su san hantar da ke cikin kejin nan ta fi tawa daraja a wurina ba.

A Dogon Daji muka tsaya salla. Na ruga neman ƙanƙara don tawa ta fara narkewa. Ina dawowa na hango wata mata cikin fasinjoji ta gutsuro hoce, wainar dawar nan tasu mai kauri, tana ƙoƙarin tura shi ta wayar keji. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Ta janye hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Kai ɗan Kano, rowar taku hal ga kusu?” A nan na fara lura da halin mutanen yankin. A Kano in kana cin abu a mota ka ce wa na kusa da kai bismilla, ya san gaisuwa ce, sai ya ce na gode. A nan kuwa ba a tsayawa a bismilla, ɗora maka ake yi a cinya.

Mun shiga Tambuwal bayan la’asar, muka tarar motocin Kebbe sun gama tashi, don direbobi ba sa son yamma ta yi musu a wannan hanya. Malam Cika ya kai mu gidan surukinsa, wani mahauci mai suna Ɗan Jumma, ƙato mai fara’a. Gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan rubu’in awa. Ya tambayi gida, da gajiya, da damina, da mutanen Kano, da malamanmu, ya dawo kan gajiya. Ina cewa an gama sai ya sake ɗauko ta daga farko. Ya ba mu shagon da ke ƙofar gida ni da ɓerayena, ya aiko da tuwon gero, sannan ya zo da kansa riƙe da gasasshiyar hanta a takarda, ya zauna ya ce in faɗa masa aikin da nake yi.

Na gyara murya na yi masa bayani irin na jami’a, har da zane a ƙasa. Ya saurara yana tauna. Da na gama ya ce, “To ai wanga mun sani. Ragon da anka turke anka cika shi da dussa da ƙuli, in na buɗe shi hantar tana yin hwari-hwari, tana maiƙo a hannu. Na daji mai yawo kuwa tashi ja ta, sumul. Kuma bunsuru ba shi yin kitse sai an dandaƙe shi ya zama taure. Ashe abin da muka cire ma taure shi kaka zuba ma kusu da allura?”

Shekara uku ina karatu, ga mutum ya taƙaita min shi tsakanin loma biyu. Na ce masa mu muna son mu auna ne, mu san nawa ne, kuma ta wace hanya, don a taimaki mutanen da kitse ya kama wa hanta. Ya gyaɗa kai ya ce wannan kam aiki ne. Ya miƙo min yankan ƙarshe ya ce, “Mai dabba yana min ƙarya kullum, ya ce ciyawa kaɗai taka ci. Ni ba ni gardama, sai na buɗe. Hanta ba ta ƙarya, ɗan Kano.”

Da safe muka sami wata a-kori-kura mai zuwa Kebbe. Hanyar ramuka ne da ɗan abin da ya saura na kwalta a tsakaninsu, na rungume keji ɗaya, Malam Cika ɗaya, na ukun muka danne shi da ƙafa. A wani shinge ’yan sintiri suka tsayar da mu. Ɓerayen ba su dame su ba, sirinjin da suka gani a kula ne ya tayar da hankali. Babbansu ya ce na me ne, na ce na ɓera. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya kira sauran ya ce su zo su ji abin da bai taɓa ji ba, sannan ya ce in dai gaskiya ne in yi a gabansa. Dama ranar allura ce. Na tsuguna a bakin titi na kamo shuɗayen ɗaya bayan ɗaya ina yi musu, mutum takwas da bindigogi sun zagaye ni, wani yana cewa “sannu” duk lokacin da ɓera ya yi ƙara. Da na gama babban ya ɗaga mana itacen shingen da kansa, ya ce, “Allah shi ba su lahiya.” Ban ga amfanin gaya masa lafiyarsu ƙalau ba.

Inna Kulu, mahaifiyar Malam Cika, ’yar ƙaramar tsohuwa ce da ta haura tamanin, amma idonta ya fi nawa gani. Gidanta rumbu uku ne a tsakar gida, saboda haka da ta ji abin da muka kawo sai ta dafe ƙirji. Amma da aka ɗaga zani ta ga farare ne tas, da jajayen idanu, suna wanke fuska da hannu bibbiyu, sai ta sauko. Ta ce, “Waɗanga ba ɓarayi ba na. ’Yan boko na.” Ta sa aka share mana ɗakin marigayi mijinta. Malam Cika ya kwana ɗaya ya koma wajen gyaran rufi, ya bar ni.

Abin da ya tsorata ni a gidan wani ƙaton muzuru ne mai kunne ɗaya. Tun ranar farko na ɗora duwatsu a kan murafun keji, na toshe taga da buhu, kuma duk inda za ni sai na ɗaure ƙyauren da igiya. Allura na kai ta firjin wani mai kemis a bakin kasuwa. Na ga na gama tsari.

Da safe Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina awon abinci a sikeli. Ta ga na zuba wa jajaye da shuɗaye mai maiƙo yana ƙyalli, na zuba wa koraye busasshe.

“Waɗancan laihin mi sunka yi?”

“Babu laifi, Inna. Tsarin aikin ke nan.”

“Tare kunka zo?”

“Tare.”

“Ɗaki guda?”

“Ɗaki guda, Inna.”

Ta ce “uhm”, ta tafi. Yanzu na san wannan “uhm” ɗin, amma a lokacin na ɗauka ta gamsu ne.

Ni kam na ga gata. Da safe fura da nono a ƙwarya, da rana datun zogale, wato kwaɗo, da yamma tuwo da miyar kuka, man shanu yana iyo a kai. Rana ta biyu aka yanka min kaza. In na cinye sai a ƙaro, wai ban ƙoshi ba. In na rage sai Inna ta zo da kanta ta tambaya ko ba ni da lafiya. Na nemi hanya ta uku na rasa. A gidanmu baƙo in ya kwana uku ya zama ɗan gida, ana iya aikensa sayen kalanzir, amma a gidan Inna kullum kamar ranar ka iso.

Rana ta huɗu na auna ɓerayen, na ga koraye sun ƙara nauyi fiye da yadda suka saba. Na ce iskar Kebbe ce ta karɓe su. Rana ta bakwai suka kamo jajaye, ga shi kuma abincinsu ko taɓawa ba sa yi. Na zargi sikeli, har na kai shi shago na gwada shi da kwalin sukari, ya nuna daidai. Ran Alhamis na fita sallar azahar, na tuna na bar hulata, na juyo. Igiya a kwance. Ga Inna tsugune gaban kejin koraye da ƙoƙo a hannu, gumba ce da ƙuli-ƙuli an murje su da man shanu, tana ba su ɗaya-ɗaya tana hira da su. Muzurun da nake ta tsoro yana zaune a gefenta yana lasar hannu, ko kallon kejin bai yi ba. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

“Inna! Tun yaushe?”

“Tun randa kunka zo. Ka ga yadda sunka murmure?”

Na zauna a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, hawaye na yi, ni da gemuna. Inna ta rikice ta ce wa ya mutu. Na ce aikina. Na ce mata waɗannan shidan sun tashi daga aiki, yanzu ko na yanka su hantarsu ba za ta gaya min komai ba.

Ta ajiye ƙoƙon. “Yanka su za ka yi?”

“Duka, Inna. Nan da mako biyu. Hantar ai ita ake nema.”

“Waɗanga da sunka ci abincina fa?”

“Su kam sun tsira. Ba su da sauran amfani.”

Ta dubi sauran keji biyun, ta daɗe tana dubawa, ta ce “uhm”. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ni a lokacin hankalina na kan waya. Na kira wata ’yar ajinmu wadda ɓerayenta da nawa haihuwar rana ɗaya ne, kuma tana da nata masu cin busasshen abinci. Ta ce in Dakta ta yarda sai mu yi ma’auni da nata mu biyu. Na ji sanyi a raina. Ashe da sauran rabo, in dai sha biyun nan sun kai labari. Na roƙi Inna don girman Allah kada ta sake ba su komai, ta ce ta ji.

Washegari Juma’a. Na yi wa igiya ƙulli uku, na tafi masallaci, na yi addu’a mai tsawo a kan hanta. Da na dawo tun daga zaure na ji ƙanshin sabulun salo. A tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, an fito da tsohon kejin tantabarun marigayi, babba, an share shi. A ciki ga ɓerayena goma sha takwas a haɗe, suna ta hawa kan juna a bakin kwanon fura. An wanke su tas. Babu ja, babu shuɗi, babu kore, wutsiya goma sha takwas duk iri ɗaya. Shan fura sau ɗaya ba zai kashe aikin ba, amma yanzu ko ni da na raine su ban san wanda ya sha allura da wanda bai sha ba.

Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta ce, “Yanzu dut sun ci. Nuna min wanda za ka yanka.”

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, ga shi ba a ɗaga wa tsohuwa murya a gidanta, balle wadda furarta ke cikinka. Na ce, “Inna, shekara uku fa.” Ta ce, “Ni shekara sittin ina gidan ga, ba a taɓa ɗaukar baƙo daga ɗakina an kai shi ga yuƙa ba.” Na ce to kazar da aka yanka min fa? Ta ce, “Ita ’yar gida ta.”

Na shiga ɗaki na ɗauko alƙaluman launina guda uku. Gaskiya sai da na buɗe jan. Wa zai sani? In shafa wa shida ja, shida shuɗi, shida kore, in koma Sakkwato kamar ba a yi ba, mahaifina ya sa rigarsa. Na daɗe riƙe da shi. Sai maganar Ɗan Jumma ta dawo min, cewa shi ba ya gardama, sai ya buɗe. Dakta Rabi ma buɗewa za ta yi. Ko da ita ba ta gane ba, wata rana wani zai karanta abin da na rubuta ya ɗauka gaskiya ne. Na rufe alƙalamin.

Ranar da zan taho na bar mata ɓerayen, tunda dai babu abin da za su yi min, na ɗaure kejina uku babu kowa a ciki. Inna ta cika min jaka da gumba da kwalbar man shanu, ta rako ni har zaure. Ta ga fuskata ta ce lafiya? Na ce, “Inna, malamata yanka ni za ta yi.” Ta kama hannuna ta ce, “Kai ma kwana tara kana shan hurata. Tahi abinka, ɗana.”

A ofis na faɗa wa Dakta Rabi komai, ban rage ko sabulun ba. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona, musamman kumatuna. Sannan ta ce, “Kai kuma a wane rukuni ta sa ka?” Ta yi dariya har da share hawaye, ta dawo ta yi min faɗa na rabin awa, sannan ta jawo takarda ta rubuta wa hukuma cewa iska ce ta fara ɓata aikin kuma ɗalibin bai ɓoye komai ba. An ƙara min zango ɗaya. ’Yan ajinmu sun yi bikinsu ba ni, na kuma ji zafin haka sosai. Mahaifina ya ce rigar tana cikin akwati, ba ta ruɓewa.

Yanzu ina mako na uku da sababbin ɓeraye, a ƙarƙashin sabon rufi, mabuɗin ɗakin kuma yana rataye a wuyana. Jiya Malam Cika ya dawo daga ganin gida. Ya ce goma sha takwas ɗin suna nan lafiya, kowanne ya kusa kai girman gafiya, kuma Inna tana gaishe ni. Ta ce in ta ji daidai an ba ni waɗansu, to in na ga sun rame in kawo su.